Shagon Gwal ɗin Kawuna Ya Cancanci Shafi a Wikipedia?

"Assalamu alaikum Malam. Kawuna mai sayar da gwal ne, ya fi shekara talatin a sana'ar, yanzu yana da rassa huɗu: biyu a Kano, ɗaya a Kaduna, ɗaya a Abuja. Duk mai haɗa lefe a unguwarmu ya san shi, mabiyan shagon a Instagram kuma sun haura dubu ɗari biyu. Na rubuta masa muƙala a Wikipedia ta Turanci, na saka manazarta tara har da jaridu uku, amma aka ƙi karɓa, wai ban nuna shahararsa ba. Gaskiya raina ya ɓaci, don na ga shafukan wasu shagunan Turawa da ban ga abin da suka fi shi ba. Da me ake auna cewa mai sayar da kayan ado ya cancanci shafi? Ko dai don mu 'yan Afirka ne?"

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Na ji zafin da ke cikin wasiƙarki, kuma ban ga laifinki ba. Mutum ya kwana yana haɗa rubutu a kan wanda yake ƙauna, da safe ya tarar an mayar masa da layi biyu, dole abin ya sosa rai. Tambayarki biyu ce a dunƙule: da wane sikeli ake auna shagon gwal kafin a ba shi shafi, sannan shin sikelin nan yana yi wa irinmu adalci. Ta farkon za ta fi cin lokaci, don a nan ne aikinki ya tsaya.

Kalmar shahara ce ta fara ruɗa mu. A kasuwa, wanda ya shahara shi ne wanda kowa ya sani, wanda ko ɗan adaidaita ka faɗa wa sunan shagonsa zai kai ka. A Wikipedia kuwa tambaya ɗaya ake yi: akwai mutanen da ba su haɗa komai da wannan shago ba, da suka zauna don kansu suka yi rubutu mai zurfi a kansa, aka buga a inda ake tantance magana kafin a sake ta? Dalili kuwa a fili yake. Tun da aka kafa Wikipedia a 2001 ba ta da wakilan da take aikawa su gano mata gaskiya, kowa ma yana iya shiga ya gyara. Editan da ke zaune a Nairobi ko Landan ba zai zo Kano ya ƙirga masu shiga shagon kawunki ba. Abin da yake iya dubawa shi ne abin da aka riga aka buga. Idan duk abin da aka buga daga bakin mai shago ya fito, to muƙalar ma bakinsa za ta zama, an dai ɗora mata hatimin kundin ilimi.

Kin fi ni sanin yadda kawunki yake yi idan mace ta shigo da sarƙa za ta sayar. Ta kwance ƙullin gyalenta, ta ajiye, ta ce daga Dubai aka kawo mata, karat 22 ce. Zai ɗaga ta, ya juya maƙullin, ya ga lambar 916 da aka buga, alamar karat 22. Sai ya ɗauko baƙin dutsen nan ya goga, ya ɗiga ruwan gwaji a kan zanen, ya tsaya yana kallon ko zai ɓace, sannan ya ɗora a sikeli. Bai ɗauki matar maƙaryaciya ba. Ya dai san cewa wanda ya ƙera sarƙar shi ne ya buga lambar, maganar kuma ta mai kaya ce, shi kuwa kuɗinsa zai ƙirga. Abin da editan nan ya yi wa muƙalarki ke nan, ya wuce lambar ya nemi dutse.

Abin da ake nema a kowace majiya

Wikipedia ta Turanci tana da ƙa'ida ta musamman a kan kamfanoni da ƙungiyoyi, editoci suna kiranta NCORP, kuma an ƙara tsaurara ta a 2018 saboda yadda 'yan talla suka addabi kundin. Ta ce kowace majiya sai ta cika sharuɗɗa huɗu a lokaci guda kafin a ƙirga ta. Ta yi bayani mai zurfi a kan shagon kansa. Ta kasance ba ta da alaƙa da shi. Ta zama abin dogaro, wato gidan jarida ko maɗaba'ar da ke da masu tantancewa. Sannan marubucin ya yi nazari da sharhi, ya auna abin da ya ji, maimakon ya kwafo takarda ya ajiye. Ba a haɗa rabi da rabi, a ce wannan majiya tana da zurfi waccan kuma tana da 'yanci, don haka sun zama ɗaya. Ana son irin wannan cikakkiyar majiya fiye da guda, kuma aƙalla ɗaya daga ciki ta zama wadda masu karatunta suka wuce gari ɗaya, ta kai matakin jiha ko yanki ko ƙasa. A wajen muhawarar ko a bar shafi ko a goge, za ki ji tsofaffin editoci suna cewa, nuna mana uku mafiya ƙarfi, ka bar sauran.

Sharaɗi na biyu ne yake kayar da mafi yawan mutane, don haka bari in zauna a kansa. Duk wanda ya karanta Risala ya san alƙali ba ya karɓar shaidar ɗa a kan amfanin mahaifinsa, komai kirkin ɗan, haka ma shaidar wanda zai jawo wa kansa amfani da ita. Ba a ce ya yi ƙarya ba, an ce matsayinsa ya hana. Ƙa'idar nan ta raba 'yancin majiya gida biyu. Akwai 'yancin marubuci, wato kada ya zama ma'aikacin shagon, ko ɗan'uwa, ko wanda aka biya. Akwai kuma 'yancin abin da aka rubuta, kuma nan ne mutane ba sa lura. Babbar jarida tana iya aika wakilinta na gaske, bai karɓi ko sisi ba, ya zauna da kawunki awa guda ya buga hirar shafi biyu. Idan daga farko zuwa ƙarshe "Alhaji ya ce" ne da "Alhaji ya ƙara da cewa", to jaridar tana da 'yanci amma maganar ta Alhaji ce. Ana iya amfani da hirar a ciro shekarar da ya fara sana'a ko garin da ya koyo ta. Wajen tabbatar da cancanta kuwa ba ta da nauyi.

Sai rubutun da aka biya. Mu Hausawa mun san bambancin maroƙi da mai ba da shaida. Maroƙi yana iya faɗin gaskiya tsantsa a kirarinsa, ya ce wane ya ciyar ya tufatar, kuma haka ne, amma kowa a wajen bikin ya san aljihun da zai biya shi. Irin wannan rubutu yana da alamomi da ido yake sabawa da su. Ba sunan marubuci a kai, ko a ce "daga wakilinmu" kawai. Ki kwafi jimla ɗaya ki nema a intanet, ki tarar da ita kalma da kalma a jaridu uku cikin mako guda. Babu muryar kowa sai ta mai shago da manajansa: ba abokin gasa, ba shugaban 'yan kasuwa, ba masanin tattalin arziki. Kalmomin duk na zuga ne, "wanda ba shi da na biyu", "zakaran gwajin dafi". A ƙarshe kuma a saka adireshi da lambar waya. Editocin Turanci sun riga sun yi wa junansu gargaɗi a rubuce game da labaran da ake biya ba tare da an bayyana ba a wasu kafofin Najeriya, kamar yadda suka yi game da na Indiya. Kada ki ɗauka mu kaɗai aka sa wa ido: rubuce-rubucen da marubutan waje suke sakawa a shafin Forbes na Amurka ma ba a karɓarsu a matsayin abin dogaro, duk girman sunan mujallar.

Manazartanki tara

Ba ki turo mini su ba, don haka hukunci a kansu yana hannunki, amma na duba daftarin 'yan kasuwa da yawa, kuma kusan kullum kaya iri ɗaya ne a cikin buhun. Shafin shagon na intanet da Instagram ɗinsa, waɗannan bakinsa ne, yawan mabiya kuma ba a ƙirga shi ko kaɗan. Rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, tana nuna shagon yana nan, ba ta nuna wani ya damu ya yi rubutu a kansa. Labarin buɗe sabon reshe, ko rangwamen Sallah, ko naɗa sabon manaja, ƙa'idar ta ambaci irinsu ta ce sanarwa ce ta yau da kullum. Lambar yabo tana da nauyi ne idan ita kanta lambar sananniya ce da ake rubutu a kanta, ban da irin wadda ake sayen tebur a otal a karɓo.

Masu kayan ado suna da wasu tarkuna biyu da suka fi kama su. Na farko, tauraruwa. Jarumar Kannywood ta saka sarƙar shagon a wajen biki, ko matar gwamna ta yi sayayya a can, jaridu suka buga hoto. Labarin na jarumar ne, shagon ya raɓa ne kawai, kuma a Wikipedia ba a gadon cancanta, ba a kuma aronta. Na biyu, farashi. Duk lokacin da gwal ya tashi, 'yan jarida suna shiga kasuwa su nemi wanda zai faɗa musu nawa giram ya kai. Kawunki yana iya fitowa a rahotanni goma irin wannan, a kowanne da jimla biyu. Rahoton a kan farashin gwal yake, shi an tambaye shi ne a hanya. Haka idan, Allah ya kiyaye, ɓarayi suka fasa shago aka buga labari: abu ɗaya ne ya faru, ya wuce.

Ga yadda nake yi da kaina. Ina ɗaukar takarda, in buɗe kowace majiya, in ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da ke magana a kan shagon kuma ba daga bakin mutanen shagon ta fito ba. Sai in rufe sauran in karanta abin da na ja wa layi kawai. Na taɓa yi wa wani daftari mai manazarta sama da ashirin haka, abin da ya rage bai cika sakin layi ɗaya ba, kuma mai daftarin yana zaune kusa da ni ya gani da idonsa, bai ƙara musu ba. Na kuma taɓa shiga wata muhawara ina ganin a goge shafin wani tsohon gidan kasuwanci, sai wani edita ya kawo babi guda daga littafin tarihin garin da wani dogon rahoto na tsohuwar jarida. Majiya biyu kacal, amma kowacce ta yi shafuka tana bayanin yadda gidan ya faro, da rikicin gādo da ya kusa rusa shi. Na janye ra'ayina a ranar. Muhawarar gogewa kwana bakwai take yi, kuma mai rufe ta hujja yake aunawa, ba ya ƙirga hannu.

Waɗanda suka shiga, me ya shigar da su

Tiffany ya faro a New York a 1837, Cartier a Paris a 1847. Tsufa kaɗai bai shigar da su ba, sai dai tsawon zamanin ya tara musu littattafai, da nune-nunen gidajen tarihi, da binciken masana. Lokacin da kamfanin LVMH na Faransa ya sayi Tiffany a kan kusan dala biliyan 16, aka kammala cinikin a Janairun 2021, an kwashe fiye da shekara jaridun kasuwanci suna bin rigimar har kotu, da ra'ayoyin masu yabo da masu suka. Chow Tai Fook, wanda aka kafa a Guangzhou a 1929, ya shiga kasuwar hannun jari ta Hong Kong a 2011. Kalyan Jewellers na jihar Kerala ta Indiya, wanda ya buɗe shagonsa na farko a 1993, ya shiga tasu kasuwar a 2021. Shiga kasuwar hannun jari ba ta ba da shafi kai tsaye, amma tana jawo masu nazarin kuɗi da aikinsu shi ne su tona asirin lissafin kamfani ko yana so ko ba ya so, kuma irin rubutunsu ake nema.

Misalin da nake so ki riƙe shi ne na Ratners a Ingila. A watan Afrilun 1991 shugaban kamfanin, Gerald Ratner, ya tsaya gaban taron manyan 'yan kasuwa a Landan yana raha, ya kira wani kayan da suke sayarwa tarkacen banza, ya kuma ce suna da 'yan kunne da suka fi sanwici arha amma sanwicin zai fi su daɗewa. Jaridu suka ɗauka. Masu saye suka ƙaurace, darajar kamfanin ta faɗi da kimanin fam miliyan 500, shi ya bar kujerarsa a 1992, a 1993 aka sauya wa kamfanin suna zuwa Signet. Har yau ana koyar da labarin a darussan kasuwanci. Babu mai shagon da zai so a tuna da shi ta haka, amma wannan ne ainihin rubutu mai 'yanci, kuma duk yana cikin Wikipedia. Ki faɗa wa kawunki wannan tun yanzu: ranar da aka karɓi shafi, ya fita daga hannunsa da naki. Idan gobe aka yi shari'a da shi kuma jaridu suka buga, za a saka, ba kuma zai iya cirewa ba.

Kowane harshe da nasa tsarin. Wikipedia ta Jamusanci tana sa adadi: kamfani mai cikakkun ma'aikata 1,000, ko cinikin Yuro miliyan 100 a shekara, yana cikin waɗanda ake ɗauka sun cancanta. Ta Turanci ba ta sa adadi ba, shago ɗaya tilo yana iya shiga, mai rassa hamsin ya kasa. Shagunan Turawan da kika gani kuwa, wataƙila suna da majiyoyin da ba a saka a shafin ba, wataƙila kuma tsofaffin shafuka ne da ba a kai ga tantance su ba. Kafa hujja da su ba ya cin muhawara, iyakarsa a je a duba su su ma.

Ko don mu 'yan Afirka ne?

Ba na jin wanda ya mayar miki da daftari ya duba launin fata, don kullum ana mayar da na Amurkawa da Indiyawa a kan dalili ɗaya. Amma ba zan ce miki sikelin daidai yake auna kowa ba. Ƙa'ida ce da ta dogara ga abin da aka rubuta, mu kuma tarihin kasuwancinmu a baki yake. Ƙaramin shago a wani gari na Ingila yana da jaridar gari da ta shekara ɗari tana fitowa, an kuma ɗora tsofaffin fitowarta a intanet. Attajirin da ya shekara arba'in yana riƙe da layi guda a kasuwar Kano, labarinsa yana wajen yaransa da abokan cinikinsa da shirye-shiryen rediyon da ba a adana ba. Wannan giɓi ne na gaske, yana damuna, editoci da dama ma sun yarda akwai shi. Abin da na kasa yarda da shi shi ne a sassauta ƙa'idar saboda mu, don na ga wanda yake fara kutsowa idan aka buɗe ƙofar: mai kuɗin sayen labari ne, tsohon maƙerin da ya fi kowa cancanta kuma yana nan a waje.

Akwai sauƙi guda da mutane ba su sani ba. Majiya ba dole ta kasance da Turanci ba, ba dole kuma ta kasance a intanet ba. Rahoton Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, ko na New Nigerian, ko Triumph, ko Aminiya, yana da ƙarfi daidai da na kowace jarida muddin kin kawo kwanan wata da lambar shafi. Shagon da ya shekara talatin ya cancanci a je masa Arewa House da Gidan Adana Tarihi na Ƙasa a Kaduna, da ɗakunan karatun Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, a duba mujallun sashen tarihi da na tattalin arziki. Kundin digirin farko ba ya ƙarfi, amma wanda ya yi shi yakan ambaci inda ya samo, ki bi sawun.

Idan kin bincika ba ki samu ba, sau da yawa sana'ar ce ko kasuwar take da majiyoyi, ko da shago ɗaya ba shi da su. An yi rubutu sosai a kan Kasuwar Kurmi da ta samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Philip Jaggar ya fitar da littafi sukutum a kan maƙeran birnin Kano a 1994. An yi nazari a kan maƙeran azurfa na Agadas, an yi a kan kasuwar gwal ta Deira a Dubai inda matanmu suke saro kaya. Muƙala a kan cinikin gwal a Kano, da matsayinsa a lefe, da yadda mata suke mayar da shi asusu su sayar ranar buƙata, za ta fi amfanar mai karatu nesa ba kusa ba. Idan wata majiya mai kyau ta ambaci shagon kawunki a ciki, jimla ɗaya a kansa tana iya zama daram a can.

Wikipedia ta Hausa tana da nata editocin da nata hukuncin, kuma sun fi sanin muhallin, amma su ma ba sa karɓar talla, kuma za su nemi manazarta.

Abu biyu kafin ki koma kan daftarin. Ke 'yar'uwarsa ce, don haka ki rubuta hakan ƙarara a shafinki na edita da shafin tattaunawar daftarin, ki kuma bar wasu su yanke hukunci. Wannan ba ya rage miki daraja, ɓoyewar ce take jawo a rufe asusu. Idan kuma akwai kuɗi ko wani lada a ciki, bayyanawa wajibi ce a dokokin Gidauniyar Wikimedia, mai kula da Wikipedia, tun 2014. Na biyu, daftarin da aka ƙi yana nan a fili kowa yana gani, don haka kada ki yi mamaki idan wani ya rubuto wa shagon yana cewa shi babban edita ne, a biya shi ya sa a karɓa. Damfara ce. A 2015 an rufe asusu 381 a lokaci guda a Wikipedia ta Turanci saboda irin wannan, masu su suna karɓar kuɗin ƙananan 'yan kasuwa su saka shafi, daga baya su nemi na wata-wata wai don kada a goge. Babu wanda yake da ikon sayar da karɓuwa.

Daftari yana zama wata shida ba a taɓa shi ba kafin a share, duk gyaran da kika yi kuma yana sabunta lissafin, don haka ba gaggawa. Ki ɗauki jaridun nan uku ki ja musu layi yadda na kwatanta. Idan abin da ya rage ya kai sakin layi uku ko huɗu daga majiyoyi biyu mabambanta, ki sake gina muƙalar a kansu kaɗai, ki cire duk kalmar yabo, ki sake miƙawa. Idan bai kai ba, ki tambayi kawunki ko wani ɗan jarida ko malamin jami'a ya taɓa zuwa ya yi bincike a shagon a shekarun baya, da shekarar da ya zo, ki fara nema daga nan.